Sun tafi ɗauko gawa

A unguwarmu ta Mando da ke Kaduna, ƙarar jirgi mai saukar ungulu ba baƙuwa ba ce. Sansanin sojin sama na nan kusa da mu, yaranmu tun suna rarrafe suka saba da ita. Tagogi su yi ta kaɗawa, kaji su ruga ƙarƙashin mota, mu kuma mu ɗan dakata da magana har jirgin ya wuce, sannan mu ɗora daga inda muka tsaya. Mutum ɗaya na sani da har yau ba ta saba ba. Wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, Inna muke ce mata. Ɗanta yana cikin masu gyaran waɗannan jiragen, kuma aikin nasa kan sa ya hau ya bi su duk inda aka tura su. Ko tana tsakiyar tankaɗe, da ta ji ƙarar sai ta ajiye rariya, ta ɗaga kai, ta bi jirgin da ido har ya ɓace a bayan darbejiyar ƙofar gidanta, sannan ta ce, "Allah ya sauke ku lafiya." Wata rana na ce mata, "Inna, ai ba lallai ne yana ciki ba." Ta ce, "Ɗan nan, in babu nawa a ciki ai akwai na wata."

Wannan maganar tata ce ta dawo mini a tsakiyar watan Agustan 2023.

Ranar Lahadi 13 ga watan, 'yan bindiga suka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin hanyar Zungeru zuwa Tegina a jihar Neja. Hafsoshi 3 da sojoji 22 suka rasu, mutum 7 suka ji rauni. Washegari Litinin aka tura jirgi mai saukar ungulu ƙirar Mi-171 ya kwaso su. Ya sauka a makarantar firamare ta Zungeru, aka saka masa gawa 14 da waɗancan masu rauni su 7, ya ɗaga ya nufi Kaduna. Wajen ƙarfe ɗaya na rana ya faɗo kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro. Da Manjo Janar Edward Buba ya zo yi wa 'yan jarida bayani a madadin Hedikwatar Tsaro cikin wannan makon, ya ce jimillar waɗanda aka rasa 36 ne. A ƙarshen lissafin jirgin ya ambaci matuƙa biyu da ma'aikatan jirgi biyu.

A kan waɗannan huɗun nake son in tsaya. Mu nan, in aka fito da makara daga gida, kowa rige-rige yake ya sa kafaɗarsa ko da taku goma ne, domin mun san ladan da ke ciki, mun kuma san in ba wanda ya ɗauki mamaci ya kai shi makwancinsa, gari duka ne ya ɗauki alhaki. Abin da mutanen nan huɗu suka je yi ke nan a madadin ƙasa baki ɗaya. Sun san abin da ya faru a dajin jiya-jiyan nan. Sun san masu bindigar da suka kashe mutum 25 ba su yi ƙaura ba. Duk da haka suka tayar da inji suka tafi, don kada gawar 'yan'uwansu ta kwana a ƙasa, don kada mai rauni ya zubar da sauran jininsa yana jiran mota a hanyar da ba ta biyuwa. Nakan tuna da mutum bakwai ɗin nan ma. Sun tsira daga harsashi, sun kwana da ciwo, sai ga ƙarar jirgi da hantsi. Babu shakka a ransu sun ce an zo, an gama, sai asibiti.

Wanda bai san irin wannan jirgi ba zai ɗauka duk jirgin soja ɗaya ne. Jirgin yaƙi irin Alpha Jet yana wucewa ne kamar walƙiya, kuma in abu ya ɓaci matuƙinsa na da kujerar da za ta cilla shi sama ya sauko da lema. Haka matuƙin nan Abayomi Dairo ya kuɓuta a watan Yulin 2021 lokacin da 'yan bindiga suka harbo jirginsa a dajin Zamfara. Na cikin Mi-171 ba su da wannan ƙofar. Jirgin ɗaukar kaya da mutane ne ƙirar Rasha, mai faɗin ciki, mai nauyin jiki. Aikinsa ya tilasta masa ya yi ƙasa-ƙasa, ya rage gudu, ya tsaya cak a iska, ya sauka a filin ƙwallo ko filin makaranta inda duk mai ido yana ganinsa. Lokacin sauka da lokacin tashi, musamman in an cika shi da kaya, ba shi da wata dabarar kaucewa, kuma kowa ya san yanzu a dazukan Neja da Zamfara da Kaduna akwai manyan bindigogi masu jigida da harsashinsu ke kaiwa inda yake. Ga yanayi kuma. Agusta tsakiyar marka ce, gajimare kan sauko har ya lulluɓe kan duwatsun Shiroro. In aka shiga hunturu, hazo ne ke rufe ido, ƙurar da farfelar jirgin ke tayarwa wajen sauka takan sa matuƙi ya daina ganin ƙasar da yake shirin takawa. Duk wanda ya zauna a kujerar nan ya san wannan sarai tun yana makarantar koyon tuƙi.

Da yammacin ranar da abin ya bazu ina zaune wurin mai shayi a bakin titi. Wani matashi ya miƙo waya, mutane suka yi cincirindo a kanta. Bidiyo ne na tarkacen jirgin, ga hayaƙi, ga gawawwaki a warwatse, ga masu bindiga suna zagayawa suna fariya. Aka ce yaran ƙasurgumin ɗan bindigar nan Dogo Giɗe ne, kuma su suka ce su suka harbo shi. Wayar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ya ce a tura masa, wancan ya ce a mayar baya bai ga wurin da kyau ba. Wani dattijo mai faci da ke gefen benci ya ƙi karɓa. Ya ce, "Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane ne fa." Aka yi tsit na ɗan lokaci. Ni kaina na riga na kalla kafin ya yi magana, kuma har yau ina jin nauyin abin. Mu da muke rufe mamaci da zane tun kafin a yi masa wanka, muke hana yara leƙa ɗakin da yake, mu ne muka zama 'yan aiken waɗanda suka ɗauki hoton don su wulaƙanta gawar. Inna tana da waya. Uwayen waɗancan huɗun ma suna da ita.

Kafin a yi sadakar bakwai labarin ya nutse. A lokacin hankalin kowa na kan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, da barazanar ECOWAS ta tura sojoji, da rufe iyaka, da tsadar mai, da rantsar da sababbin ministoci a 21 ga Agusta. Ranar 25 ga watan aka binne wasu daga cikin mamatan a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, aka busa bigila, aka miƙa wa iyalai tuta a naɗe. Daga nan shi ke nan. Ka tsayar da mutum goma a Kasuwar Barci yau ka tambaye su Chukuba, da wuya ka sami ɗaya da zai ce ya san sunan.

Wannan mantuwa ba a kansu aka fara ta ba. Duk ɗan Kaduna da ya mallaki hankalinsa a 2012 ya san inda yake ranar Asabar 15 ga Disamba, lokacin da aka ce jirgi mai saukar ungulu na sojin ruwa ya faɗi a dajin Okoroba a jihar Bayelsa da Gwamna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi a ciki. An yi makoki, an sa sunan Yakowa a titi, kuma ya cancanta. To amma mutum shida ne a jirgin. Akwai mataimakansu biyu, Dauda Tsoho da Mohammed Kamal. Akwai kuma waɗanda suke gaba riƙe da jirgin, Kwamanda Muritala Mohammed Daba da Laftanar Adeyemi Sowole. Su matuƙan ba zaman makokin da manyan suka halarta suka je ba, ba siyasa ta kai su ba. An ce su tashi su ɗauko manya, suka tashi. Sau nawa ka ji an ambaci sunan Daba tun daga ranar?

Haka mutum biyar ɗin Damasak. Ranar 2 ga Janairun 2019, makonni kaɗan bayan ɓarnar da aka yi wa sojoji a Metele, kwanaki kaɗan bayan an kori sojoji daga Baga, mayaƙan Boko Haram suka afka wa Bataliya ta 145 a Damasak, can bakin iyakar Borno da jihar Diffa ta Nijar. Aka tura jirgin yaƙi mai saukar ungulu ƙirar Mi-35M ya agaza wa sojojin ƙasa da daddare, bai dawo ba. Rundunar Sojin Sama ta fitar da sunayensu, kuma zan rubuta su nan cikakku domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan: Perowei Jacob, matuƙi, Kaltho Paul Kilyofas, mataimakinsa, Saja Auwal Ibrahim, makanikin jirgi, Las Kofur Adamu Nura da Meshack Ishmael, masu riƙe da bindiga. Jacob ango ne, bai cika wata guda da aure ba. Ka sake karanta sunayen a hankali. Musulmi da Kirista ne a ɗaki ɗaya na ƙarfe, ran kowanne a hannun ɗan'uwansa, sun je kare garin da galibin mutanensa Kanuri ne. Muna nan muna ta jifan juna da baƙar magana a Facebook kan addini da yanki, su kuwa a rana ɗaya aka kai su maƙabarta ɗaya.

Bayan suna, akwai bashi na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Duk lokacin da jirgin soja ya faɗi, jimla ɗaya ce ke rufe sanarwar: an kafa kwamitin bincike don gano musabbabin hatsarin. A kan Chukuba ma haka aka ce, aka ƙara da gargaɗin kada jama'a su biye wa farfagandar 'yan ta'adda. Gargaɗin daidai ne. Sai dai in hukuma ta yi gum, bakin ɗan bindiga ne kaɗai ke magana, kuma nasa labarin ne zai zauna a kunnen mutane. Inna ta tambaye ni bayan an kwana biyu, "Ɗan nan, sun faɗi abin da ya kayar da shi?" Na ce mata an ce ana bincike. Ta yi shiru, ta ce, "To Allah ya sa su gaya wa uwayensu, ko da mu ba su gaya mana ba."

Al'adar ita ce rahoton hatsarin jirgin soja ya ƙare a cikin durowa. Ko jirgin da ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021 da Babban Hafsan Sojin Ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum 10, abin da jama'a suka gani shi ne hoton miƙa rahoton wucin gadi ga Babban Hafsan Sojin Sama a watan Satumba. Abin da ke cikin takardar ya tsaya tsakanin masu miƙawa da masu karɓa. In haka aka yi da shugaban sojan ƙasa guda, me saja da kofur za su sa rai?

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ban raina ta ba. Ana cikin yaƙi, bai kamata a buɗe wa abokin gaba cikinka ba. In aka bayyana tsayin da jirage ke bi, ko hanyar da suke ratsawa, ko inda sulkensu ke da rauni, an ba maƙiyi makami. Wannan gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai nemi a buga irin wannan a jarida. Amma tsakanin tona asirin yaƙi da yin shiru ɗungurungum akwai fili mai faɗi. Ana iya cewa harbo shi aka yi. Ana iya cewa inji ne ya mutu, ko yanayi ne, ko lodi ya yi yawa, ko matuƙan sun wuce sa'o'in da ya kamata su yi a sama ba hutu. Kowace daga cikin waɗannan amsoshin tana da wanda za a tambaya. In harbi ne, wa ya tura jirgin kwasar masu rauni, kuma wace kariya aka haɗa shi da ita? In inji ne, yaushe rabon da a yi masa babban gyara, kuma ina kuɗin kayan gyaran suka shiga? Jiragen Mi na Rasha ne, kuma tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 sayen kayan soja daga Rasha ya zama da wuya saboda takunkumi. 'Yan majalisar da ke amincewa da kasafin tsaro kowace shekara suna da kwamitocin sojin sama a zauruka biyu. Haƙƙinsu ne su nemi waɗannan rahotannin, su zauna a kansu ko da a bayan labule ne, su fito su gaya mana abin da za a iya faɗa.

Ghana ta nuna ana iyawa. Ranar 6 ga Agustan 2025 jirgin sojin samanta ƙirar Z-9 ya tashi daga Accra zai je Obuasi, ya faɗi a dajin Adansi a yankin Ashanti da mutum takwas, cikinsu har da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, ɗan majalisa mai wakiltar tsakiyar Tamale. Na yarda, girman makokin da aka yi saboda ministocin ne. Amma a ranar da aka sanar, an karanta sunayen sojojin uku da ke aikin jirgin tare da na ministocin: Peter Bafemi Anala, Manaen Twum Ampadu da Ernest Addo Mensah. An ƙara musu girma bayan rasuwa, an buɗe asusu don 'ya'yan mamatan. Sannan a watan Nuwamba kwamitin bincike ya zauna gaban 'yan jarida ya ce iska ce mai dannawa ƙasa ta fizgo jirgin a kan tuddai, ya kuma faɗi na'urorin kariya da jirgin ya rasa. Ghana ba ta rushe don ta faɗi haka ba. Matar matuƙin ta san abin da za ta gaya wa 'ya'yanta in sun girma, wanda zai hau irin jirgin gobe kuma ya san abin da zai nema a saka masa.

Akwai wanda zai karanta wannan ransa ya sosu, kuma na san dalilinsa. Zai ce kana kukan masu jirgi, wa ya yi kukan waɗanda jirgi ya kashe? A Rann, ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, fiye da mutum 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. A Tudun Biri, nan ƙaramar hukumar Igabi, tafiya kaɗan daga inda nake zaune, jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi ranar 3 ga Disambar 2023, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85. Akwai ƙauyuka a Zamfara da Sakkwato inda in aka ji ƙarar jirgi uwa ba addu'ar sauka lafiya take yi ba, ɗanta take sura ta shige daji. Ba ni da bakin ce wa waɗannan mutanen su manta. Abin da zan ce kawai, makanikin da ya mutu a Chukuba yana riƙe da mai rauni ba shi ya jefa bam a Rann ba, kuma addininmu bai yarda a ɗora wa wani nauyin laifin wani ba. Sannan in ka duba da kyau, uwar Tudun Biri da uwar matuƙin jirgi ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Kowace so take a gaya mata me ya faru, wa ya ba da umarni, me aka gyara. Durowar da ta haɗiye amsar wannan ita ta haɗiye ta waccan.

Sai batun waɗanda aka bari. Mace ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ranar da ta fita ta tarar duniya ta daɗe da wucewa, ga yara, ga kuɗin makaranta, ga gidan bariki da ba nata ba ne. A watan Maris na 2024, da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta, Shugaba Tinubu ya je jana'izar da kansa, ya ba su lambar girma ta ƙasa, ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun 'ya'ya, ya ce a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Na ji daɗin hakan har raina. Abin da nake nema shi ne ya zama doka a rubuce wadda ta hau kan kowa, ko shugaba ya halarta ko bai halarta ba, ko labarin ya yi ƙara ko juyin mulkin maƙwabta ya danne shi. Ƙasar da ta nemi jiragen yaƙi masu saukar ungulu ƙirar AH-1Z guda 12 daga Amurka a cinikin da ya kusa dala biliyan ɗaya, ta sayo T129 daga Turkiyya, ba za ta ce ɗawainiyar marayun mutum huɗu ko biyar ta fi ƙarfinta ba. Jirgi ana yin odarsa a kawo wani. Matuƙin da ya bi ta makarantar horar da hafsoshi ta NDA, ya bi ta makarantar tuƙi, ya tara shekaru yana sauka a filayen da ba fitila, in ya tafi sai an sake shekaru kafin a sami kamarsa.

Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojojin da suka rasu, ana ajiye furanni a Abuja, ana sakin fararen tantabaru, manya na maƙala alamar tunawa a ƙirji. Ina so a ƙara abu ɗaya wanda ba ya cin ko sisi: a karanta sunayen waɗanda suka rasu a shekarar ɗaya bayan ɗaya, a gidajen rediyon jihohi, da Hausa da sauran harsunan da uwayensu ke ji, a faɗi garin kowa. Gwamnatin Neja kuma ta dubi filin makarantar firamaren Zungeru inda jirgin nan ya yi saukarsa ta ƙarshe, ta kafa allo ko na siminti ne da sunayen mutum huɗun, yaran da ke wasa a wurin su tashi suna karantawa.

An mayar da ɗan Inna Maiduguri bara. Ƙarar da ke wucewa ta kan Mando yanzu tabbas ba tasa ba ce, amma har gobe tana ajiye rariyar. Da daddare kuma ba ta kwanciya sai ta kira jikarta ta duba mata waya. Saƙon nasa ba ya wuce kalma biyu, "Mun sauka." Ran da ya makara, ina jiyo motsin butarta ta bayan katanga har ƙarfe biyun dare.